Zumuncin Masu Jinya a Bauchi

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, masu jinya, wato dangin da ke kwana kusa da marasa lafiya don yi musu hidima, sukan ƙulla zumuncin da ba jini ne ya haɗa shi ba. Matar da ta zo daga Dass takan sa ido kan ƙarin ruwan ɗan maƙwabciyarta 'yar Darazo idan uwar ta fita sayo magani, su raba tabarma da kunun fulas ɗaya, domin kowacce ta san nauyin daren da 'yar'uwarta ke ciki. Wannan tausayi ne ke riƙe yawancinsu har ranar sallama.