Abin Da Na Gano A Fatakwal: Maƙoƙo Da Maganin Indiya

Kwanan baya tafiya ta kai ni kurmi. Na bi ta Lakwaja da Anacha, na sauka Fatakwal, gidan wani aminina mai fataucin shanu a Trans-Amadi. Unguwa ce ta masana'antu da kamfanonin mai, amma mutanenmu sun fi saninta saboda babbar mayankar nan wadda gwamnatin Jihar Ribas ta rufe a 2021.

Gari ne mai ruwan sama da gumi, ko dare ya yi mutum fifita yake nema. Shi ya sa mamaki ya kama ni da uwargidan mai masaukina ta fito gaishe ni lulluɓe da bargo da rana tsaka. Ta yi ƙiba, fatarta ta bushe, wuyanta kuma ya ɗan tasa. Na ce, "Hajiya, lafiya kuwa?" Ta ce, "Wallahi Malam, kasala ce da jin sanyi."

Ashe tun bara likita ya auna jininta, ya ce halittar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, ta rage aiki. Ita ce ke fitar da sinadarin da ke sarrafa ƙarfi da ɗumin jiki. Ya ɗora ta kan ƙwayar Levothyroxine, guda ɗaya kowace safiya kafin karin kumallo. Da ta ji sauƙi sai ta bari, gama wani mai tallar magani ya kawo mata garin ashwagandha daga Indiya, ya ce maganin gargajiyarsu ne da ake kira Ayurbeda, kuma yana raba mutum da ciwon har abada. Bayan wata uku komai ya dawo.

To, jama'a, Ayurbeda tsohon ilmi ne, ba abin rainawa ba. A 2018 an buga wani bincike daga Indiya kan mutum 50 masu ɗan ƙaramin rauni, inda aka ga jinin waɗanda aka ba ashwagandha ya gyaru cikin mako 8. Amma mutum 50 ba hujja ba ce ta jefar da ƙwayar likita, domin ita ƙwayar tana maye gurbin sinadarin da jiki ya rasa ne, galibi kuwa har iyakar rai. Ƙasar Denmak ma ta hana sayar da ashwagandha a 2023, kuma an sha samun dalma a cikin wasu magungunan Ayurbeda.

Wani abu da ya shafi mazauna kurmi shi ne abinci. Halittar nan sai da sinadarin ayodin take aiki, shi ya sa tun 1993 Nijeriya ta wajabta sanya shi a gishiri. Kifin teku, wanda ke da yawa a Fatakwal, yana da shi. Rogon da ba a jiƙa sosai ba kuwa yana hana jiki amfana da shi.

Kafin in kamo hanyar Inugu, sai da na ga aminina ya mai da Hajiya asibiti, da gwangwanin garin a hannunta don likita ya gani. Duk mai irin wannan larura, mace mai ciki musamman, haka ya kamata ya yi. Allah ya ba mu lafiya, amin.