Barikin Mullingar da 'yan uwanmu masu neman mafaka

Jama'a, duk lokacin da aka taso da zancen tafiya Turai neman mafaka, ni wani tsohon bariki a ƙasar Ayalan ke faɗo min a rai. Yana garin Mullingar, kusan kilomita 80 yamma da Dablin.

Turawan Ingila ne suka gina shi a farkon ƙarni na 19, lokacin da suke mulkin ƙasar, kamar yadda suka zo suka kafa nasu a Lakwaja da Zungeru. A 1922, da Ayalan ta kafa gwamnatinta, aka miƙa shi ga sojojin ƙasar, aka raɗa masa sunan Patrick Columb, wani sojansu da aka harbe a garin a wannan shekarar. Shekara 90 suna ciki. Da tattalin arziki ya karye bayan 2008, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, a 2012 ta rufe shi, ta kwashe sojojin zuwa Athlone. Kun san yadda gari yake idan aka ɗauke masa masu albashi: daga mai shago har mai gidan haya, kowa sai ya ji a jikinsa.

Daga nan ƙungiyoyin gari suka riƙa amfani da wasu ɗakunan, ana ta alkawarin gina gidaje a filin. Sai a 2023 gwamnati ta kafa tantuna a ciki, ta zuba maza masu neman mafaka. Wasu mutanen garin suka yi zanga-zanga a bakin ƙofa, magana har kotu.

Ni fa ba na ganin duk wanda ya fito ranar maƙiyin baƙo ne. Mutumin da ɗansa ya kasa kama hayar ɗaki, ya shekara goma yana jiran alkawari, dole ransa ya sosu. Sai dai an bar jaki ana dukan taiki. Wanda ke kwance cikin tanti a sanyin nan ba shi ya rufe bariki ba, ba shi ya hana gina gidaje ba.

Abin da ya sa maganar ta shafe mu: a 2024 'yan Najeriya ne suka fi kowa yawa cikin masu neman mafaka a Ayalan. Don haka ƙanena, kafin ka sayar da gonar gado ka miƙa wa dillalin biza, ka san ƙasar na fama da ƙarancin gidaje, har an kai lokacin da maza masu neman mafaka ke kwana a bakin titi a Dablin. Ka tambayi wanda ke can gaskiyar inda yake kwana, kada hoton Facebook ya ruɗe ka.

Allah Ya rufa wa na can asiri, Ya gyara mana gida.