Ranar da Inna ta ɗauke ni baƙo



Shekara 4 ke nan, wata rana da la'asar na shiga ɗakin mahaifiyata a gidanmu na Maraɗi don in gaishe ta. Ta ɗago kai ta dube ni da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ta ce: "Sannu da zuwa, malam. Daga ina?" Na ce: "Inna, ni ne fa." Ta ce: "To, ka zauna, ɗana yana nan tafe." Na zauna muka yi ta jiran ɗanta, ni da ita, har aka kira magariba.

Alamu sun daɗe suna bayyana, mu ne ba mu lura ba. Takan ɗora tukunya ta manta, takan yi azahar sau uku, takan ɓoye kuɗinta cikin kwalla sannan ta ce maiɗakina ta sace. Muka ce gigin tsufa ne. Wasu maƙwabta suka ce iska ce, wasu sammu. Sai da muka je Yamai likita ya faɗa mana gaskiya: ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda ake kira démence da Faransanci, inda ƙwayoyinta ke mutuwa sannu a hankali. Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzheimer, sunan likitan Jamus da ya bayyana shi a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da ciwon mantuwa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin arziki. Har yau babu maganin da ke warkar da shi, amma kula da hawan jini da ciwon suga yana rage haɗarin kamuwa.

Yayata tana aure a Faransa. Da na sanar da ita, sai ta shiga ba ni labarin gidajen kula da tsofaffi na can, waɗanda ake kira EHPAD, da yawansu da sashe na musamman don masu mantuwa: ƙofa mai lambar sirri, lambu da tsoho zai zagaya ba tare da ya ɓata ba, ma'aikata dare da rana. Ta ce a garin Dax an buɗe ƙauye sukutum a 2020 don mutum 120, da kanti da wurin aski, ma'aikatansa ba sa sa farar riga. An yi koyi ne da wani da aka buɗe kusa da Amsterdam a ƙasar Holan a 2009.

Raina ya ɓaci. Na ce: "Haba Yaya! Mu da Allah ya umarce mu da kyautata wa iyaye, mu kai uwarmu gidan ajiya?"

Ta yi shiru, sannan ta ce: "Ban ce a kai ta ko'ina ba. Tambaya ɗaya gare ni: wa ke kwana da Inna?"

Na rasa ta cewa. Maiɗakina ce ke kwana da ita, ita ke yi mata wanka, ita ke canza shimfiɗa, ita ke shan zagi da zargin sata. Ta rame, ta daina zuwa suna da biki, ko gaisuwar rasuwar kawunta ba ta samu zuwa ba. Ni kuwa ina fita kasuwa da safe, in dawo a yaba mini cewa na riƙe uwata. Ma'aikacin wancan gida da na rena yana tashi aiki ya je ya yi barci. Maiɗakina ta shekara biyu ba wanda ya karɓe ta.

Bayan Sallah muka taru, mu biyar da Inna ta haifa, Yaya ta waya. Muka raba kwana. Yaya ta ɗauki nauyin biyan wata dattijuwa da ke zama da Inna da rana. Muka kuma aro wasu dabaru na waɗancan gidaje: muka rataya ƙararrawa a ƙofar zaure, muka ɗinka lambar wayata a gefen mayafinta, muka bar fitila a kunne da dare, muka kawar da ashana da magunguna. Abin da ya fi mini wuya shi ne daina yi mata gyara. Da, in ta tambayi Baba, wanda ya rasu tuntuni, nakan ce ya rasu, ta fashe da kuka kamar yau ta ji. Yanzu nakan ce: "Inna, ba ni labarinsa." Sai ta yi ta bayarwa tana dariya.

Malamin unguwarmu ya kwantar mana da hankali cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a binsa salla ko azumi, ya kuma tuna mana cewa aya ta 70 ta Suratun Nahli ta ambaci irin wannan tsufa. Duk da haka muna shimfiɗa mata darduma, domin Inna da ta manta sunana ba ta taɓa kuskure a Fatiha ba. Da hantsi kuma mukan ba ta faifai ta tsinci wake, ta ji ita ma tana da aiki a gida.

Roƙona ga ƙungiyarmu ƙarami ne. A kowace unguwa akwai gida irin namu, ana ɓoye tsoho a ƙuryar ɗaki don gudun surutu. Ranar 21 ga Satumba ce ranar wannan ciwo a duniya; mu gayyato likita ya yi mana bayani a masallaci. In kuma kun je dubiya, ku tambayi mai jinya yaushe rabonta da barci, ku karɓe ta ko na yini ɗaya.

Jiya Inna ta riƙe hannuna ta ce: "Malam, kana da kirki, Allah ya yi wa uwarka albarka." Na ce amin.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya saka wa masu jinya da alheri, ya sa mu cika da imani. Wassalam.