Dokin da ba ya zufa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a Tibiri ya san abin da ƙaimi ke yi ma doki. Mahayi ya taɓa shi da dunduniya, dabba ta zabura, ƙura ta tashi, mata su rangaɗa guɗa. Abin da ƴan kallo ba su cika lura da shi ba, shi ne abin da ke biyo baya a bayan gida, inda barga take: a sauke sirdi, a bar doki ya huce, a ba shi ruwa. Doki yana da zufa, yana kuma da mai kula da shi. Labarin da ke tafe na wani doki ne wanda Allah bai yi masa zufa ba, da wani saurayi na birnin Maraɗi da ya sa masa ƙaimi a lokacin da bai dace ba.

Saurayin ya ƙare lise Ɗan Baskore, ya samu bak, ya yi shekara biyu yana kai takardun neman aiki daga wannan biro zuwa wancan, har takalmansa suka san hanya. Daga ƙarshe ya tunkari kawunsa, wani alhaji mai fataucin aya da wake, ya roƙe shi jari. Ba na kanti ba, ba na babur ɗin kabu-kabu ba: so yake ya buɗe ɗakin wasannin kwamfuta, wadda ma'aikata ke ce ma ordinateri, inda samari za su riƙa biyan dala ashirin su buga ƙwallo a kan allo. Alhaji ya daɗe yana jan carbi kafin ya amsa.

"Ɗana, ni ban san wannan sana'a ba. Amma na san bashi. Bayan ƙaramar salla za ka fara biya."

A watan Disamba na 2024 yaron ya bi hanyar da iyayensa da kakanninsa suka bi: Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, sai Kano. Can ya sayo kwamfuta ta hannu, baƙa, mai murfin gilashi da fitilu masu canza launi. Ƙwaƙwalwar da ke cikinta ƙirar Intel ce, Core i5-9600K, wadda aka fitar a 2018. Mai sayarwa ya nuna masa harafin nan na ƙarshe, K, ya ce nan albarkar take.

Bai yi ƙarya ba. Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana aiki ne bisa bugun wani agogo na cikinta, kuma ana auna saurinsa da gigahaz, wato bugu biliyan ɗaya cikin daƙiƙa guda. Maƙera su ke yanke iyakar bugun, su kulle. Amma tun wajen 2011 kamfanin Intel ya mayar da shi al'ada ya sayar da wasu ba kulle, ya sa masu alamar K, kamfanin AMD kuma ya bar mafi yawan jerin Ryzen a buɗe tun fitowarsu a 2017. Mai irin wannan na iya shiga wurin da ake kira BIOS, ya ɗaga lambar da hannunsa. Dabarar ta girmi saurayin: tun 1998 samarin Turai da Amurka suka gano cewa wata ƙwaƙwalwa mai araha, Celeron 300A, da aka sayar masu a kan megahaz 300, tana iya gudun 450 in an matsa mata. Wane ɗan kasuwa ne zai ji an ce kayan jika biyu za su yi aikin na jika uku, ya kau da kai?

Ya kuwa ɗaga. Daga gigahaz 4.3, inda take tsayawa in duk sassanta shida na aiki, ya kai ta 5. Da ta fara tuntuɓe sai ya ƙara mata ƙarfin wuta, daga wajen bolt 1.2 zuwa 1.35, ta miƙe. A lokacin hunturu ne. Da asuba mutane na fita masallaci cikin bargo, masu shayi na kewaye da wuta, iskar da ke shiga ɗakin ba ta wuce digiri ashirin da ƴan kai ko da rana ta take. Kwamfuta ta yi ta gudu, samarin unguwa suka cika benci, har daga Zariya da Ali Ɗan Sofo ana zuwa. Ya sayi kaye, ya ja layi, yana rubuta abin da ya shigo kowane dare.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata, domin akwai wani lissafi da ba a faɗa masa ba a Kano. Duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa, babu ragi. Injin da ke cin wat 300 tamkar murhu ne na wat 300 da aka kunna a tsakar ɗaki. Kuma zafin ba ya ƙaruwa kafaɗa da kafaɗa da sauri. Yana bin saurin sau ɗaya, amma ƙarfin wuta sau biyu yake binsa, wato a riɓa lambar da kanta. Wanda ya tashi daga 4.3 zuwa 5 ya samu ƙarin sauri na kashi 16 cikin ɗari; da ya haɗa da ƙarin bolt ɗin nan, zafin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa ya ƙaru da kusan rabi. In da a kasuwa ne, da sai a ce ya ci ribar dala ya biya dilalin dala uku.

Hunturu ya rufa masa asiri, amma ya bar masa ajiya. Hazon da ke rufe Maraɗi daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda mafi yawansa ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, gari ne mai laushi da ba ya neman izinin shiga. Fankokin kwamfuta kuwa aikinsu ke nan dare da rana, su zuƙo iska. Ga ta kuma ajiye a ƙasa, dab da ƙofa, inda kowane mai shigowa ke kakkaɓe takalmi.

Azumi ya kama a farkon Maris na 2025, kasuwa ta koma ta dare. Salla ta zo a ƙarshen watan, yara suka fito da kuɗin barka da salla cikin aljihu, ranakun da ya yi wata uku yana jira. Ran salla da azahar, ɗaki cike, ana tsakiyar wasa, sai ƴan ƙwallon da ke kan allo suka fara tafiya kamar masu ciwon ƙafa. Fanka ta ɗauki kuka. Can sai allo ya yi shuɗi, komai ya tsaya. Ya kashe, ya kunna, ta yi minti goma ta sake. Wanda ke cin biyu da nema ya ce sai an mayar masa da kuɗinsa, wanda ake ci ya ce ai Allah ne ya yi hukunci. Kwana uku ana haka. Da dare lafiya lau, da rana sai ta ƙi.

Shawarwari suka yi yawa, kamar yadda aka saba. Wani ya ce an cuce shi a Kano. Wani ya ce baki ne, a nemi rubutu a yayyafa, abin da da an yi shi da labarin ya ƙare a nan. Wani ya ce laifin kuran ne. Wannan zato yana da dalili, don mutanen Maraɗi ba su manta ba cewa wutarsu daga Nijeriya take zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma sun ga abin da ya faru lokacin da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin CEDEAO, har zuwa farkon 2024. Amma wannan karo ba a nan take ba. Yana da na'urar daidaita wuta, allurarta na tsaye kan 220.

Wanda ya warware masa zaren wani tsoho ne mai gyaran firji a Sabon Gari, wanda bai taɓa buga wasan kwamfuta ba, ba ya kuma da niyya. Ya zo, ya ɗaga kai ya dubi rufin kwano, ya sa tafin hannu a bayan akwatin, ya janye.

"Yaro, fanka ba ta haihuwar sanyi. Abin da ta tarar shi take turawa. Ka ba ta iskar tanda, tanda za ta hura ma abinka."

Maganar ke nan gaba ɗaya, sauran bayani ne. A kan ƙwaƙwalwa akwai wani ƙarfe mai haƙarƙari kamar radiyatar mota, da ƴan bututun jan ƙarfe masu ɗan ruwa a ciki. Ruwan na tafasa a ƙasa, tururinsa ya hau sama ya huce a jikin haƙarƙarin, ya komo. Fanka na kore zafin zuwa cikin ɗaki. Saboda haka ƙwaƙwalwa kullum tana sama da zafin ɗaki da wani tazara. A ce tazarar digiri 50 ce. Bature da ya gwada ta a ɗaki mai digiri 22 zai ga 72, ya rubuta cewa lafiya lau. A ɗakin kwano na Maraɗi cikin Afrilu, inda ko a inuwa ake wuce 40, lamba ɗaya za ta ba da 92 ko fiye, kafin a lissafa ƙura da ƙaimi. Iyakar wannan ƙwaƙwalwa kuwa 100 ce. In ta kai nan sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, shi ne ɗingishin da aka gani a allo. In kuma zafi ya sa lissafinta ya fara kuskure a saurin da aka tilasta mata, sai ta faɗi. Mutanen da ke nuna gwanintarsu a intanet ba su yi masa ƙarya ba. Ba su dai faɗi garin da suke zaune ba.

Da suka buɗe murfin, tsakanin haƙarƙarin nan ƙura ta daskare kamar bargon auduga. Man nan mai ruwan toka da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfe, don ya cike ƴan ramukan da ido ba ya gani, ya bushe ya zama kamar alli. Tsoho ya sa aka fitar da ita waje, ya riƙe fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima, ya hure ta da famfon iska, ya goge tsohon mai, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Ya ce a ɗauke ta daga ƙasa a aza bisa tebur, nesa da bango.

Wani abokinsa ya kawo maganar sanyaya ta da ruwa, irin mai famfo da tiyo da ake gani a hotuna. Kyau gare ta, tana kuma kwashe zafi da sauri, amma ita ma a ƙarshe iskar ɗaki take miƙa ma zafin, ba ta iya sauka ƙasa da ita. Kilim kuwa zai yi maganin abin, sai dai shi kaɗai zai ci wuta fiye da kwamfutar ninki biyu ko uku, kuma takardar NIGELEC ba ta san dala ashirin-ashirin ba.

Amsar da ta fi araha a Jiratawa ya same ta, inda ya je gaida kakarsa. A cikin lambunan nan na zogale da ke shan ruwan rijiyoyin kwarin Gulbi, ya ji iska dabam da ta birni, alhali tazarar ba ta kai a kira ta tafiya ba. Tsohuwa ta ɗebo masa ruwa daga randa, sanyi har haƙori. Randa tana zufa: ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, busasshiyar iska ta shanye shi, ya tafi da zafi. Da wannan hikima ce wani malami na jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani don ajiyar kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Dokinsa ba ya zufa, amma ana iya sa ɗakin ya yi. Ya sayi zana ya shimfiɗa bisa kwanon da ɗan tazara, ya samo tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, ya kafa ta a taga, can nesa da kwamfutar, don laima da lantarki ba su shiri. A bazara, lokacin da iska ta bushe ƙayau, irin wannan na'ura na rage digiri da dama. In damina ta kusato, iska ta jiƙe, sai ƙarfinta ya ragu. Wannan ma tsoho ya gaya masa tun da wuri.

Saura abu ɗaya, wanda ya fi yi masa ciwo. Ya koma BIOS ya sauke lambar 5 da yake alfahari da ita, ya mayar da komai yadda maƙera suka bar shi, har ya ɗan rage bolt ƙasa da haka, ya gwada ta yini guda bai ga tuntuɓe ba. Abin mamaki, ko ɗaya daga cikin samarin bai lura ba. Allon da suke kallo hoto 60 yake nunawa cikin daƙiƙa, kuma ko ba ƙaimi tana cika su. Wata uku ke nan yana dafa ɗakinsa saboda saurin da ba wanda ya taɓa gani.

Kuɗin salla dai sun tafi, wa'adi kuma ya cika. Ya ɗauki kaye ya nufi gidan alhaji bayan la'asar, ya durƙusa, ya faɗi komai bai rage ba. Alhaji ya saurara, sa'an nan ya yi dariya.

"Wato lodi ka yi mata fiye da ƙarfinta, a kan hanya mai zafi."

"Haka ne, Kawu."

"Taya nawa ka fasa?"

"Ko ɗaya. Da kanta take tsayawa."

"To, ta fi direbobina hankali."

Mutumin da ya faɗi haka, duk garejin da ke hanyar Ɗan Isa ya san yadda motocinsa ke fita da buhunan aya har sun rina. Yaron bai ce komai ba, yana neman alfarma. Alhaji ya juya shafukan kaye, ya tsaya kan kwana ukun da ba a rubuta komai ba, ya ce ya ɗaga masa zuwa kaka, amma kowane ƙarshen wata ya zo da littafin.

A cikin watan Yuni, wata rana da yamma, gabas ta yi ja. Iskar da ke riga ruwa zuwa ta taso da ƙasa, ledoji na yawo sama da rufin gidaje. Ana saura minti biyar a tashi wasa. Bai jira ba: ya kashe, ya zare waya daga bango saboda tsawa, ya lulluɓe akwatin da tsohon zanen uwarsa, ya mayar ma yara biyu da dala ashirin-ashirin ɗinsu. Suka fita suna gunaguni, shi kuma ya hau bisa benci yana ƙara ɗaure zanar rufi.