Zane ba ɓata kaye ba ne

Jama'a masu saurarenmu, mu da ke zane don sha'awa, yau muna da magana. Yawancinmu a bayan kaye muka fara, da bik, tun muna lakwal. Abin da muka fi ji shi ne: "Kana ɓata takarda!" Da yawa tun daga nan suka bari.

To amma ku dubi gidajen Birni a Damagaram: zanen da magina suka yi wa bango, shi baƙi ke zuwa kallo. Marigayi Mustafa Alasan, da ya zauna Tawa, da hannunsa ya zana kwaɗin fim ɗinsa Bon voyage Sim a 1966.

Fenti tsada gare shi, gaskiya ne. Mu dai in mun taso daga rediyo, gawayi da kwali sun ishe mu. Awa guda muna zana mai shayin unguwa, gajiya ta tafi.

Iyaye, in kun ga yaro na zane, don Allah kar ku ƙwace. Ku saya mai kaye na biyu, ku ce ya gama aikin lakwal tukuna. Allah ya sa albarka a hannun yaranmu.