Zaƙin Bawul da Gaskiyar Transista

Maƙalar wannan makon za ta bi da mu ta shagon mai gyaran rediyo, amma alƙalami ne ya aike mu can.

Masu son sauti a gida suna da gardamar da ba ta ƙarewa: wace amfilifaya ta fi daɗin murya, mai bawul ko mai transista? Aikinsu ɗaya ne, su karɓi ɗan siririn sautin da ke fitowa daga kaset ko waya, su ƙara masa ƙarfi har ya motsa lasifika. Bawul wata 'yar kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta, takan yi ja kamar garwashi idan ta ɗauki zafi. John Fleming na Ingila ya ƙirƙiro ta a 1904, Lee de Forest na Amurka ya inganta ta a 1906, daga nan aka samu hanyar ƙara ƙarfin sauti. Ita kuwa transista sai a 1947 aka samar da ita a ɗakin binciken Bell da ke Amurka. Ƙarama ce, kuma ba ta jiran zafi kafin ta fara aiki.

Mu a Badarawa, aiki ne ya jefa mu cikin gardamar. Mun tattaro kaset-kaset na iyayenmu, na Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos, da wasu da aka naɗa daga Rediyon Kaduna. Nufinmu mu rubuta baitocin kafin zaren kaset ya gama lalacewa, domin wasu a ciki babu wanda muka sani yana da irinsu. Muka yi karo-karo don sayen amfilifaya, kuɗin kuma ba za su sayi biyu ba.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu yana da tsohuwa mai bawul. Ya ce mana, "Yarana, ba a sayen sauti da baki, ku kawo kaset." Ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya da lasifika guda. Da mai bawul ta ɗumama, kalangu ya yi kauri, muryar Shata ta cika shagon, hucin tsohon kaset ya lafa. Da ya koma kan mai transista, sai hucin ya dawo, muryar ta ɗan bushe. Muka ce, "Baba, ai magana ta ƙare, ta farko ta fi." Ya yi murmushi ya ce kowa ya ɗauki biro ya rubuta abin da ya ji. A nan lissafi ya juya. Da mai bawul, a wata kalma ɗaya wani ya rubuta "kafa", wani "ƙafa". Da mai transista duk hannunmu ya zo ɗaya.

Dalilin ba sihiri ba ne. Bawul takan ƙara wa sauti wani amo da babu shi a asali, wanda ya ninka na farko sau biyu: idan tsirkiya tana kaɗawa sau 220 a daƙiƙa, sai ta sako wani ɗan amo mai 440 a kai. Kunne na jin wannan kamar amshi, shi ne zaƙin da ake faɗa. Sannan sautin yakan ratsa ta taransifoma kafin ya isa lasifika, kuma a tsofaffi irin ta Baba, wannan kan danne siraran amo na sama. Hucin kaset a can saman yake, shi ya sa ya lafa. Sai dai a can ne kuma kunne ke samun yawancin abin da yake rarrabe "sara" da "tsara".

Ita ma transista tana da nata halin. Idan aka murɗa ta fiye da ƙarfinta, datse sautin take yi kai tsaye, ya fito da ƙarce mai soka kunne. Duk wanda ya zauna kusa da lasifikar gidan biki ya san wannan azaba. Bawul kuwa lanƙwasa sautin take yi a hankali, shi ya sa masu kaɗa jita har yau ba su rabu da ita ba. Maganin abin shi ne a sayi transista mai ƙarfin da ya ɗara buƙatar ɗaki, a kuma daina kai ta maƙura.

Ba mu ce duk mai bawul dishi-dishi take ba. Akwai sababbi masu tsabtar sauti, kuma har yanzu ana ƙera bawul a Rasha da Sin da Silobakiya. Amma kowa ya dubi ɗakinsa. Tana aiki da ƙarfin wuta na ɗaruruwan bolt, wanda kan maƙale a ciki ko bayan an kashe ta, don haka ba abar buɗewa ba ce a gaban yara. Tana fitar da zafi, ku tuna ɗaki ciki da falo a watan Afrilu. Kwalaben suna gajiya, sai an sauya. In an ɗauke wuta kuwa, ƙaramar mai transista tana ci gaba da batir mai bolt 12 ko 'yar sola.

Akwai kuma abin da masu kewar da suke mantawa. Lokacin da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, da lokacin da aka kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna a 1962, babban akwatin rediyo mai bawul na gidan da ke da lantarki ne. Transista mai batir ce ta kai labarai gona da ruga da teburin mai shayi. Yawancin kakanninmu ta cikinta suka san muryar Shata. Wataƙila daɗin da suke tunawa na zaman dandali ne da mutanen da aka saurara tare.

Mai transista muka saya. Ta Baba kuma mukan je mu sha kiɗa da ita in aiki ya ƙare, don daɗinta ba ƙarya ba ne.

Abin da ya shafe mu a matsayin marubuta shi ne mu san kujerar da muke kai. In labari muke ƙagawa, muna da 'yancin zuba zaƙi yadda muke so. Amma in mun zauna gaban tsohuwa tana ba mu tarihi, ko muna kwafe baitin mawaƙin da ya riga mu gidan gaskiya, amana ce a hannunmu. Kada mu mayar da Sakkwatancinta Kananci don ya fi mana santsi, kada mu cike gurbin kalmar da ba mu ji ba da wadda ta yi mana daɗi. A bar gurbin, a je a tambayi manya. Wanda zai karanta bayan shekara 50 ba shi da kaset ɗin, rubutunmu kawai zai samu.

Duk mai tsofaffin kaset a ƙarƙashin gado ya fito da su tun suna juyawa. Allah ya yi mana jagora.