Gwajin share fage kafin a bincika karatun yara a Garwa

Matuƙin kwalekwale a kogin Binuwai ba ya ɗora kaya sai ya san zurfin ruwa. Mai binciken da ke son sanin yadda yaran Garwa suke karatu yana bukatar irin wannan hattara: kafin ya raba takardun tambaya ga ɗaruruwan yara, ya fara gwada su a kan kaɗan. Wannan shi ne gwajin share fage.

Dalilin yana cikin harshe. A Garwa, babban birnin yankin Arewa na Kamaru, Fulfulde ce ke haɗa jama'a a kasuwa, Faransanci ne harshen yawancin azuzuwa, Larabci na makarantar allo, wasu gidajen kuwa da Hausa ake kwana ake tashi. Idan aka tambayi yaro da Faransanci littafi nawa ya karanta a wata, tunaninsa zai tafi ga littafin boko kaɗai. Almajirin da ke bitar allonsa da asuba zai ce bai karanta komai ba. Da aka juya tambayar zuwa Hausa, sai wata matsalar ta ɓullo, domin "karatu" ya haɗa duba rubutu da tilawa da zuwa makaranta. Haka "janngugo" take a Fulfulde. Tambaya guda ce a takarda, amma abubuwa uku take aunawa.

Gwaji kan yara ashirin ko talatin, a Yelwa da Rumde Ajiya misali, ya isa ya tona wannan. Zai nuna ko yaro yana faɗin gaskiya ko yana neman faranta wa malamin da ke tsaye a kansa. Zai nuna ko 'yan mata suna sakin baki gaban baƙo namiji, da tsawon lokacin da yaro zai jure zama a zafin Maris da Afrilu. A ƙauyuka kuma za a gane ko kakar auduga tana rage masu zuwa aji.

Kamaru ta san amfanin fara abu da kaɗan. Shirin PROPELCA, wanda Farfesa Maurice Tadadjeu na Jami'ar Yawunde ya jagoranta, ya soma koyarwa da harsunan gida a 1981 a makarantu 'yan ƙalilan, kafin a faɗaɗa shi zuwa wasu harsuna.

Amma gwaji yana da iyaka. Amsar yara talatin ba ta zama hukunci kan birni ba. Aikinta gyara tambaya. Ɗalibin Jami'ar Marwa ko ta Garwa da ya tsallake wannan mataki zai iya tara alƙaluma masu kyan gani da ke cewa yaran Arewa ba sa karatu. Hukuma ta dogara da su wajen sayen littattafai da tsara manhaja, alhali yaran da ke karatu kullum ba su shiga lissafi ba.